Rigar Ramar Gide

Gide mai igiya bai taɓa riƙe bindiga ba, ko kaza ma maƙwabci yake kira ya yanka masa. Shekara talatin yana zaune a ƙofar gidansa, a wani ƙauye bayan Tafoki, rama ɗaure a babban yatsan ƙafarsa, yana tufka. Duk bijimin da ka gani ɗaure daga nan har Mairuwa, duba wuyansa, aikin Gide ne. Mutum ne mai sanyi har ya ba ka haushi.

Sai ɓarayin daji suka shigo da nasu salon. Da rana tsaka suke zuwa a kan babura, su sami mutum duƙe a gonarsa. Haka suka yi wa ƙanensa Mani, harsashi biyu a baya, fartanya na hannunsa, suka kora shanun huɗa. Gide ne ya ɗauko gawar a amalanke. Mutane suka bar gonakin nesa, amma shi gonarsa ɗaya ce tal, kuma a bakin daji take. In bai noma ta ba, babu tuwo a gidansa.

Ya sami tsohon buhu ya huda masa wuya da hannuwa, ya bi shi da ƙulle-ƙullen rama har ya yi buzu-buzu kamar tsohon bunsuru. Ya tsoma shi cikin taɓon fadama, ya soka masa gamba da ganyen sabara. Ranar da ya saka, gari ya yi dariya har da riƙe ciki, aka laƙaba masa Dodon Gona. Dariyar ta ƙare ranar da babura shida suka ratsa gonarsa, ya kwanta tsakanin kunyoyi, taya ta wuce kamu biyu daga kansa ba a gan shi ba. Masu dariyar nan su ne suka fara sallama a ƙofarsa.

Da kaka ta zo, ɗiyarsa Mansura ta ce sai ta bi shi roron wake. An kashe mata miji a hanyar Sabuwa, ta dawo gida da goyo, kuma ba ta son cin zaune. Kwana huɗu Gide ya yi a kan rigarta. Matarsa Hajaratu, wadda ke rina kaba tana ɗinkin faifai, ta murza ramar ta taɓe baki.

"Malam, wanga taɓo zubewa zai yi. Ba ni in rine mata."

Ta dafa rigar da bagaruwa, ta jefa dunƙulen kanwa don launi ya kama, yadda ta saba tun tana budurwa. Riga ta fito sak busasshiyar ciyawa. Ni dai har yau ban ga laifin Hajaratu ba.

Da hantsi suna tsakiyar wake suka ji kukan shanu haɗe da ƙarar babura. Suka zube, taku goma tsakaninsu. Mutum huɗu ne da bindigogi, suna koro garken sata, shanu duk haƙarƙari a waje. Wata farar saniya ta ɗaga hanci, ta bar hanya, ta nufi tulin ciyawar da Mansura ke ciki ta hau lasa. Wasu shanu biyu suka bi ta. Nan take Gide ya gane kanwar rinin ce ta jawo su. Ɗaya daga cikin ɓarayin ya sauka daga babur da sanda, yana ashar.

Gide ya san shanu. Sanda ba ta ɗauke saniya daga kanwa, sai firgici. Ya zabura cikin rigarsa da wata irin kururuwa, ya kafta wa mutumin lauje a wuya, jini ya feshe masa fuska, sannan ya ruga ta ɓangaren rafi. Bindigogi suka tashi, garke ya watse kowace ta kama gabanta. Harsashi na uku ne ya kayar da shi. Suka bi shi da adda suna sara, har rama da nama suka cakuɗe, sannan suka bazama tattara shanunsu.

Mansura tana jin kowane sara. Ta cusa ramar rigarta a baki ta danne da haƙora don kada ihu ya fito, sai ta ji ɗanɗanon kanwa a harshenta.

Yanzu ita ke ƙulla rigunan a inda uban yake zama, da taɓon fadama kaɗai, kuma ba ta ba kowa riga sai ta lashi ramar. Abin da ta ɗanɗana ranar nan ba ta taɓa faɗa wa uwarta ba. Amma masu ɗauko gawa sun yi zancen sawun shanu a inda Mansura ta kwanta, a gaban Hajaratu, kuma shekara uku ke nan ko a miyar kuɓewa ba ta saka kanwa.