Gorunan Rabi Mai Wankan Gawa

Shekara arba'in da huɗu ke nan da rasuwar yayata Rabi. Ta rasu da bazara, damina biyu kafin Nasara su tafi. Ni Tani, ƙanwarta, ni na wanke ta. Ban shiga lakkol ba, ban iya rubutu ba. Faɗa nake yi ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana. Tun ranar da aka kai ta makwancinta, duk wanda ya tambaye ni abin da ya kashe ta sai in ce masassara. Ƙarya ce. Ciwon daji ne ya cinye mata nonon hagu har ya kai hammata. Yau nake so in faɗa inda mutane da yawa za su ji.

Ƙauyenmu yana cikin Kurfai, tafiyar rabin yini a ƙafa daga Filinge. Rabi ta girme ni da nisa, ita ta goye ni bayan innarmu ta rasu. Mijinta ya mutu da wuri, ba ta haihu ba, ba ta sake aure ba. Jaki ɗaya gare ta. Takan bi kasuwanni da shi, ta Damana da Tabla har Baleyara, ta sayo kanwa ta kawo Filinge. Amma ba da kanwa aka san ta ba. An san ta da wankan gawa. Duk garin da ta sauka, in mace ta rasu, ita ake nema, don hannunta ba ya rawa kuma bakinta ba ya yawo. Zabarmawan kudu ma suna kiranta, tana jin yarensu daidai gwargwado. Takan ce ta fi son aiki da matattu, don ba ta taɓa wanke wadda ta ce ruwan ya yi sanyi ba.

Da na yi aure na haifi ɗiyata Zali, sai ta fara ɗaukata ina zuba mata ruwa. Ta koya mini daka ganyen magarya, da naɗe hannu da tsumma, da farawa ta dama, da raba gashi uku. Abu na farko da ta koya mini kuwa shiru ne. Abin da mai wanka ta gani a kan tabarma, a nan take barinsa. Ko tabon duka ne, ko ciki ne da ba a sani ba, ko gyambo. Malamai sun ce wadda ta rufa wa gawa asiri Allah zai rufa mata nata, Rabi kuma ta riƙe wannan da gaske.

Ku maza ba ku san abin da ke ƙarƙashin zanen matanku ba. Mace takan yi shekara biyu da ƙullutu a nono, tana daka, tana ɗebo ruwa, tana ɗaure ƙirji da zane biyu don kada wari ya fita. Ta shafa toka, ta shafa kashin shanu, ta je wurin wanzami ya ƙona wurin da ƙarfe. In ta mutu a ce ajali. Mai wanka kaɗai ke kwance zanen.

Rabi ba ta faɗa wa kowa, amma ba ta iya mantawa. Sai ta samo 'yan goruna uku ta rataye a bayan rumbu. Ɗaya na Filinge cikin gari, ɗaya na ƙauyukanmu na Kurfai, ɗaya na kudu, wajen Damana da Baleyara. Duk macen da ta wanke ta ga ciwon nan a jikinta, ko a nono ko a mahaifa, in ta dawo gida sai ta jefa tsakuwa ɗaya a goran wurin. Ba suna, ba gida. Tsakuwa kawai. Ta ce hakan ba tonon asiri ba ne, tunda dutse ba ya magana.

Wata rana ta girgiza mini su ɗaya bayan ɗaya. Na Filinge ya yi ƙara sosai, don tsakuwar ba ta da yawa, tana da wurin yawo. Na kudu ya yi ƙara kaɗan. Namu kuwa sai wani nauyi, da ƙyar yake motsi.

Na ce, "Yaya, ai nan kika fi wanka, dole namu shi fi."

Ta ce, "Ke kaɗai ke da wayo? Na sani. Amma a Filinge sai in wanke mata da yawa ban gani ba. Nan kuwa ba na daɗewa. Kuma na nan yara ne, Tani. Masu goyo."

Ba ta san dalili ba. Ta yi zargin ruwan tabki, ta yi zargin gero mai fumfuna da muke ci in rumbu ya yi ƙasa, ta yi zargin jini na gado. Ni ma har yau ban sani ba. Abu ɗaya ta tabbatar. A Filinge akwai ɗakin magani, kuma ta san matan gari da lokotoro, wato likita, ya gani da wuri aka sa su a mota zuwa Yamai. An yanke musu nono. Wata ta mutu can, wasu sun dawo suna cin kasuwa da nono ɗaya. A ƙauyukanmu ba wadda ta taɓa zuwa. A kudu kuwa ciwon mahaifa ta fi gani, mata masu zubar jini har su ƙare.

A shekarar da zan ba ku labari, wani ma'aikacin lokotoro ya zo ƙauyenmu rangadi, baƙar fata ne daga ƙasashen bakin teku, da tafinta da babban littafi. Aka shimfiɗa masa tabarma a ƙarƙashin gawo, aka tara mu maza da mata. Ya yi wa yara lamba. Sannan ya tambayi mai gari cututtuka ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan ƙullutun nono da gyambon da ba ya warkewa, ya ce in akwai mai shi a faɗa, mota za ta biyo bayan girbi ta kwashi irinsu zuwa Yamai, amma sai garuruwan da aka rubuta.

Mai gari ya ce, "Babu. Wannan ciwon mutanen birni ne."

Ban ga laifinsa sosai ba. Shekarar da ta gabata wani ƙauye kusa da mu ya amsa cewa akwai sanƙarau, kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasar, ya sa aka tsare hanyarsu, aka hana su kasuwa har suka ci ganye. Tun daga nan ba mai garin da ke amsa wa littafin Nasara komai. Kuma shi bai taɓa kwance zanen gawar mace ba. Da gaskiyarsa ya ce babu.

Rabi tana tsaye kusa da ni. Na riga na san abin da ke jikinta, don wata biyu kafin nan na same ta a bayan ɗaki tana matsa wurin, kamar ƙwallon goriba a ƙarƙashin fata. Na taɓa ta da gwiwar hannu.

"Yaya, ki yi magana."

"Abin da na gani bisa tabarma ba nawa ba ne."

"To naki fa?"

"In buɗe ƙirji gaban mai gari da surukanki? Rufa mini baki."

Mutumin ya ja layi a littafinsa, ya sha furar da aka ba shi, ya hau doki. Daga baya tafinta ya gaya wa mijina a kasuwa cewa duk kanton Kurfai haka aka amsa. Littafi ya nuna ciwon yana Filinge, ƙauyuka lafiya lau. Bayan girbi motar ta zo, ta tsaya a Filinge, ta koma.

Rabi ta yi shekara ɗaya da rabi bayan nan. Ba zan ba ku labarin duka ba. Wurin ya fashe. Ƙudaje sun san ɗakinta. Hannun hagu ya kumbura har ba ta iya ɗaga ƙwarya. Ta sayar da jakin. Ta daina wanka, ni na karɓa. Mutane suna gaishe ta daga bakin ƙofa, tana amsawa da ƙarfi don kada su shigo.

Kwana uku kafin ta cika, da hantsi, ta ce in kawo goran Kurfai. Ta riƙe shi a cinya, ta ba ni tsakuwa ɗaya da ta tsinta tun tana iya fita.

Ta ce, "Wagga tawa ce. In kin wanke ni, ki duba da kyau, kada ki kau da kai. Sannan ki jefa ta ciki. Kuma ki faɗa."

"In faɗa wa wa?"

"Kowa. Asirin waɗancan nasu ne, ban da iko da shi. Nawa nawa ne, na ba ki. Ran da mai littafin nan ya zo na yi wauta. Ki tahi Filinge ki ce a gyara."

Na ce to.

Na wanke ta, na duba, ban kau da kai ba. Amma da na fito mata suna zaune a tsakar gida, uwar mijina ta tambaye ni a gaban kowa mene ne ya ɗauke ta. Zali tana da shekara shida, tana riƙe da zanena. Na san abin da ake cewa a ƙasarmu: ciwon nan gida yake bi, kuma ba mai neman aure a gidan da aka san shi. Na dubi kan yarinyar na ce masassara. Tsakuwar na ƙulle ta a bakin zane. Ban jefa ba, don in na jefa na amsa. Filinge kuwa na je sau ɗari bayan nan, sayen gishiri da barkono, ban taɓa taka ƙofar ɗakin magani ba.

Zali ta yi aure a gidan kirki. Ta haifi biyar. Abin da na yi ƙaryar dominsa ya samu. Ta girma tana ganin yadda nake rufe baki, ta koya da kyau. Ba ta taɓa jin cewa yayar uwarta ta mutu da ciwon nono ba, balle ta san abin da za ta tsorata da shi. Da ƙullutun ya fito mata ta ɗaure ƙirji da zane biyu, ta ci gaba da daka. A lokacin akwai kwalta, akwai motar kasuwa kullum, Yamai ta zama tafiyar yini ɗaya. Ni uwarta ban sani ba sai da na ji warin, kuma na san warin. Mun kai ta. Lokotoro ya duba ya ce da mun zo bara. Na tambaye ta don me ba ta gaya mini ba. Ta ce, "Inna, ai ba a faɗa." Shekara takwas ke nan. Ita ma ni na wanke ta.

Ina yawan tunanin abin da Rabi za ta ce da ta ga yau. Za ta yi mamakin radiyo, inda ake kiran ciwon da sunan kansa ana maganar nono da rana tsaka, maza suna ji. Za ta yi murna da ganin mata a cikin farar riga suna duba mata, don da mace ce ta zo da littafin nan a ƙarƙashin gawo, ina jin da ta buɗe. Amma za ta tambayi nisa. Daga ƙauyenmu zuwa inda ake gane ciwon har yanzu sai wanda ya sayar da akuya. Matan gari suna zuwa da ƙafarsu, namu ana kai su a kwance. Kuma za ta sake yin tambayar da ta mutu da ita: don me wannan yanki ya fi wancan, don me namu yara ne? Ban ji wanda ya amsa ba.

Watan jiya wata ma'aikaciyar lafiya ta zo ta tara mu a ƙarƙashin gawon nan dai, ya tsufa amma yana nan. Yarinya ce mai ladabi, sa'ar jikokina. Ta buɗe takarda mai zanen ƙasa, wani wuri ja, wani wuri fari. Ta ce ja shi ne inda ciwon ya fi kashe mutane. Birane ja ne. Na ce ta nuna mini Kurfai. Ta ɗora yatsa a kan fari.

Na ce, "Ɗiyata, wa ya gaya muku?"

Ta ce daga asibitoci ake tattarawa, wanda bai je ba ba a san da shi ba. Ta ce ita ma ba ta yarda da farin nan ba, shi ya sa ta zo.

Na tashi na tafi gida. Gorunan suna nan, na canza musu igiya sau da yawa, kuma tun da na gaji wankan ban daina jefawa ba. Na Kurfai ya cika tuni, na ƙara masa na biyu. Na kawo su duka na ajiye a gabanta, na gaya mata na ina ne da na ina. Na ce ba zan ba ta suna ko ɗaya ba, don ba nawa ba ne. Sannan na kwance bakin zanena. Tsakuwa biyu ne a ciki, ɗaya ta yi sulɓi don daɗewa.

Na ce, "Waɗannan biyu suna da suna. Wannan Rabi ce, yayata. Wannan Zali ce, ɗiyata. Nono ne, dukansu. Rubuta."

Jikokina mata uku suna zaune a wurin, biyu ba su yi aure ba, kuma uwayen samarin ƙauyen duk suna ji. Na san abin da na jawo musu. Wataƙila wani ya fasa. In ya fasa ya fasa. Zali ta samu miji na gari, kuma ni na ɗaure mata haɓa.

Rabi ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gona ba. Kabarinta ya baje, ni kaɗai na san wurin. Abin da ta bari shi ne hannun da nake wanka da shi, da goruna, da saƙo ɗaya da ta ba ni in kai tafiyar rabin yini, na yi shekara arba'in da huɗu a hanya. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan Zali, ya jiƙan matan da ke cikin gorunan nan. Ni kuma ya yafe mini in zai yafe.

Da aka watse, babbar jikata ta biyo ni har bayan rumbu. Can ta kama hannuna ta sa a ƙarƙashin rigarta, ta ce in taɓa in ji ko wani abu ne. Ƙarami ne, bai kai ƙwayar gujiya ba. Ranar kasuwa muka shiga mota.