Ranar da Aka Zagi Mijina a Funtuwa

Mijina malamin makarantar mishan ne a Malumfashi lokacin da aka ɗaura mana aure, shi ya sa har ya bar duniya Malam nake ce masa. Shi ke karatu a majami'a ranar Lahadi, kuma ko wanda ke bayan taga ba ya rasa kalma ɗaya. Wani baƙo daga Kaduna ya ji karatun nan, ya ce wannan murya ta fi ƙarfin aji. Haka Malam ya ajiye alli ya kama aikin gidan rediyo a Kaduna.

Sashen siyasa aka ba shi. Yakan rataya na'urar ɗaukar magana, mai nauyi kamar dutsen niƙa, ya bi 'yan siyasa duk inda suka yi taro, ya zauna a majalisa yana sauraron muhawara, da yamma ya faɗa wa jama'a abin da aka ce da Hausar da ko tsohuwa za ta gane. Ni kuwa ya bar ni a ƙauyensu kusa da Ƙafur, wajen mahaifiyarsa Inna, da yara biyu, kafin ya sami ɗakin da zai ɗauke mu. Ba mu da rediyo. A shagon tela muke tsayawa, mu mata daga baya-baya. In ya fara da gaisuwarsa, "Jama'a, barkanmu da war haka, ya gona, ya iyali?" sai Inna ta amsa da ƙarfi, "Lafiya lau!" kowa ya yi dariya.

Ana tsakiyar cinikin auduga muka wayi gari rediyon tela ba ya fitar da komai sai kiɗan soja. Kafin azahar labari ya iso ta bakin direbobi: sojoji sun ƙwace mulki, an kashe manya a Kaduna. Da yamma lokacin shirin Malam ya zo ya wuce, ba mu ji shi ba. Washegari ma haka. Daga nan batirin tela ya mutu, aka rasa wani a duk ƙauyen.

Inna ta daina cin abinci. Kowa ya dawo daga kasuwa da irin nasa labarin. Wani ya ce duk wanda ya taɓa shiga motar 'yan siyasa an kwashe shi. Wani ya ce ai ma'aikatan rediyo aka fara harbewa. Ina daka sai in ga taɓarya ta tsaya a hannuna, ban san tun yaushe ba.

Na ce, "Inna, zan je in nemo shi."

"Ke da ko Zariya ba ki taɓa zuwa ba, 'yar nan?"

"Ina da baki, zan yi tambaya."

Ba ta hana ni ba. Ta jawo babban yaron jikinta, na goya ƙaramar, na taka har Malumfashi. A bakin kasuwar auduga wani dattijon direba, Alhaji ake ce masa, ya ji bayanina, ya sauke yaron motarsa zuwa saman kaya ya ba ni gaba. Bai yi mini alkawarin komai ba. Ya ce dai iyakarsa Funtuwa.

Da muka isa Funtuwa, a tashar jirgi suka ce ba su san ranar da jirgin fasinja zai tashi ba. A tashar mota ba wanda zai wuce Zariya, wai sojoji sun tare hanya. Na bi direbobi ɗaya bayan ɗaya, har durƙusawa na yi wa wani da bai kai ƙanena ba. Ya ce, "Yaya, tashi don Allah. Ni ma ina da 'ya'ya." Yarinya tana ta tsala kuka a bayana, na ba ta nono, babu ruwa a ciki.

Ruwan zafi na je roƙo wajen wani mai shayi a bakin tasha. Maza sun cika bencinsa, sun kewaye rediyo. Ina miƙa kwano kiɗan ya tsaya, sai ga muryar Malam.

Na zauna a ƙasa. Yana da rai. Amma babu gaisuwa, babu tambayar gona. Sanarwar sojoji yake karantawa: an rushe wannan, an hana wancan, wanda ya karya doka ya kuka da kansa. Yana haɗiye miyau tsakanin jimloli, abin da ban taɓa ji ya yi ba.

Wani mai jar hula ya tofar da yawu. "Kun ji munafuki! Jiya-jiya yana bin su yana cin tuwonsu, yau shi ke yi wa makasansu shela."

"Allah ya isa," in ji na kusa da shi.

"Na san garinsu ai, ta wajen Ƙafur yake. Zai zo gida."

Mai shayin ya dubi hawayena ya ce, "Baiwar Allah, ke ma an kashe miki wani ne?"

Na girgiza kai. Bakina ya kasa cewa mijina ne. Na ja zane na rufe fuskar yarinyar, don kamarsu ɗaya da ubanta, kamar wani zai gane. Ban tsaya karɓar ruwan ba.

Da na koma gida na ce wa Inna na ji shi da kunnena. Ta ɗaga hannu ta gode wa Ubangiji, ta ce a dama mata kunu. Sauran maganar na riƙe ta a cikina. Ita tana addu'a Allah ya kawo shi, ni ina gefenta ina roƙon kada ya zo.

Ya zo bayan wasu makonni. Bai sauka a tasha ba, a hanya ya sauka ya ratso ta gonaki, riga tana yawo a jikinsa. Sai da muka je tuge karan auduga mu biyu ya yi magana. Ya ce tsare su aka yi a gidan rediyon, soja yana tsaye a bayan kujerarsa, bakin bindiga yana taɓa masa wuya in ya ɗago kai. A cikin waɗanda aka kashe akwai wanda ya taɓa cire bargonsa ya lulluɓa masa a hanyar taro.

"Na karanta, uwar yara. Me zan ce wa mutane? In ce ba ni ba ne?"

Ya nemi komawa aji. Shugaban makarantar ya ce ya ɗan jira ƙura ta lafa, iyayen yara ba za su so ba. A kasuwar Malumfashi ya yi wa mutanen da ya koyar da 'ya'yansu sallama, suka dubi gefe. Wata safiya muka tarar an cinna wa rumbun Inna wuta, Allah ya sa maƙwabcinmu ya gani da wuri, ya fito da almajiransa suka kashe. Ba mu taɓa sanin wanda ya yi ba.

Ranar ya ce zai koma Kaduna, tunda zamansa ya zame wa uwarsa masifa. Na ce ƙafata ƙafarsa, ko a baranda za mu kwana.

Ya yi aikin nan har gashinsa ya yi fari, a zamanin soja da na farar hula. Ya yi hira da masu mulki da waɗanda aka tuɓe, har aka zo ana cewa in ba daga bakinsa aka ji ba, a jira tukuna. Amma bai sake kwana a ƙauye ba.

A waccan ranar da za mu tashi zuwa Kaduna mun roƙi Inna ta bi mu, ta ce ba za ta bar kabarin mijinta ba. Ta rako mu bakin hanya da ƙullin daddawa da kuka, ta shafa kan yaran. Ba ta jira mota ta zo ba, ta ce ta bar awaki a sake, ta juya. Daminar shekarar na faɗuwa aka aiko mana ta kwanta ciwo, kafin mu iso an binne ta.