Bawan Wasa da na Bakin Rijiya

Rabo taubashina ne. Uwarshi Tsahara ƙanwar babana ce, ke nan a ƙa'idar gidanmu na Bazaga shi bawana ne tun ranar suna. In ka tambaye shi za shi ce maka ni ne nashi, to ƙarya yake yi. In munka haɗu ba sallama tsakaninmu. Ni in ce, "Bawa, ina ka aje mini takalma?" Shi ya ce, "Ubangidan da wandonshi ɗaya, in an wanke sai ya kwana ɗaki." Haka munka taso, ba wanda ya taɓa jin zafin wani.

Rabo bai iya zama ba. Gwaggo Tsahara ta rantse ko goyo sai da zane biyu take ɗaure shi. An sa shi lakwal, makarantar boko, mushe, wato malamin, ya juya ga allo, kafin ya juyo Rabo na kasuwa. An ba shi gona, ya shuka layi guda ya tsaya kallon hanya. Ya yi amalanke har jakin ya riƙa ɓoyewa bayan rumbu in ya ji tarinshi. Ya je Malbaza ɗaukar buhun siminti, ya dawo fari fat, uwarshi ta ƙi buɗe mishi ƙofa. Sai da ya samu moto, wato babur, ya shiga kabu-kabu a Ƙonni sannan danginmu sunka huta, don an samu sana'ar da yawo shi ne aikin.

Wata bazara ya kai wani fasinja can gaba da Illela, tamu ta arewa, ba ta Najeriya ba. A dawowa sarƙar moto ta tsinke mishi cikin daji. Ya tura har harshenshi ya zama kamar tsohon takalmi, sannan ya faɗa kan wata rijiya. Mutum guda ya iske shina jan guga, ga garke ba iyaka na jiranshi. Mutumin ya ba shi ruwa, ya samo waya ya ɗaure mishi sarƙar. Sunanshi Ɗanjuma.

Rabo ya ce, "Malam, ka taho Ƙonni in rama maka. Tsire sai ka ce ya isa."

"Ba ni da tafiya. Ni na mutane ne."

Rabo ya yi dariya, ya ɗauka irin wasanmu ne. Ɗanjuma bai yi dariya ba. Ya ce uwarshi tasu ce, kakarshi ma tasu ce. Bai da ko akuya cikin garken, ba a biyanshi, ba ya zuwa ko'ina sai an aike shi. Ya faɗi hakanan kamar mai faɗin sunan garinsu, ya koma ga guganshi.

Daga ranar nan rashin zaman Rabo ya canza kama. Da can dariya yake ba mutane, yanzu tsoro. Sai ya ɗauki fasinja ya wuce da shi inda za shi sauka. Tuwo a tsaye, shayi a tsaye, zance guda: mutumin rijiya.

Lokacin an gama babban taron ƙasa a Yamai, baki ya buɗe, ƙungiyoyi na tsirowa ko'ina. Wani tsohon malamin lakwal, Mushe Isufu, ya buɗe buro, wato ofishin kare haƙƙin ɗan Adam, a Ƙonni: shago guda, tebur guda, benci guda. Rabo ya kai mishi maganar. Mushe ya yarda da shi, amma ya ce, "Rabo, mu biyu bisa moto cikin zangon mutane, in anka yi mana wani abu wa za shi sani? Akwai baƙuwa tafe daga ƙetare, ta wata babbar ƙungiya da ke bin duniya tana duba inda ake taka mutane. Tana da mota. Ka yi haƙuri."

Haƙuri ga Rabo. Ya yi ta zarya buron nan har ƙofar ta gaji. Da baƙuwar ta iso kuma, sai anka tarar tun Yamai an tsara mata kwanakinta: gidan kaso, alƙali, manyan gari, sai komawa. Ba wurin rijiya.

Ni a lokacin asansi, man mota, nike saidawa a kwalabe bakin titi. Ranar da za ta koma sai ga babbar motarta, kat-kat, ta tsaya gabana. Mushe Isufu ya sauka ya tsallaka sayen goro. Madam, haka kowa ke kiranta, ta sauko tana miƙe ƙafa: doguwa, da hula kamar faifai. Hausarta kalma uku ce, sannu, na gode, da wata ɗaya da ta koyo don aikinta. Sai ga Rabo ya taho da moto kamar an koro shi.

Na ɗaga murya, "Kai bawa, zo ka riƙe mazurari, ubangidanka na da baƙi."

Jin kalmar bawa, ta ukun nan da ta koyo, Madam ta juyo kamar an taka mata ƙafa. Ta nuna Rabo, ta tambaye ni da Faransanci ko bawana ne. Faransancina na aji uku ne, amma wannan na gane, kuma ba ranar da zan musa wannan magana gaban Rabo. Na buga ƙirji na ce wi Madam, tun kakanni.

Ina jiran Rabo ya rama da zancen wando. Sai na ga ya kalli motar, ya kalli Madam, ya durƙusa gabana ya sunkuyar da kai. Wallahi ko liman bai taɓa samun wannan ladabi ga Rabo ba. Da Faransancinshi na tasha ya ce mata e, haka ne, kuma shina da ɗan'uwa cikin daji wanda nashi halin ya fi wannan muni. Kafin in rufe kwalba an sa shi cikin mota, ni ma an sa ni, wai sai na yi bayani gaban hukuma. Asansina na bar wa mai shayi.

Mushe ya dawo da goronshi ya iske mu baya, ni da bawana. Madam ta kora mishi bayani tana huci. Ya kalle ni, ya daɗe shina kallon Rabo, ya shiga ya ce wa direba a kama hanya. Bai buɗe baki ba sai da munka wuce Tsarnawa munka miƙi hanyar arewa. Mushe ba ya ƙarya, jinkiri dai yake yi. Nan ya warware mata taubasantaka: ɗan mace da ɗan namiji, wasa ne, kowane gida akwai.

Madam ta yi ja kamar tattasai. Ta sa anka tsaida mota. Ta yi faɗa mai tsawo, abin da na tsinta ciki shi ne jirgi na jiranta, kuma ita ba abin wasan yara ba ce.

Rabo ya ce, "Mushe, gaya mata yadda na faɗa, kar ka gyara. Ta ji na wasa ta tada mota. Na gasken shina gaba, ni na sha ruwa hannunshi. In ta koma, ni a sauke ni nan, in tafi da ƙafa."

Ya riga ya buɗe ƙofa, ƙafa ɗaya na ƙasa. Mushe ya fassara. Madam ta cire hular ta yi fifita da ita, ta tambayi Mushe ko shi ya yarda da maganar. Ya ce ya yarda tun ranar farko. Ta ce a rufe ƙofa a tafi.

Bayan Illela hanya ta ƙare, Rabo ya zama hanya. Rabinshi na waje ta taga shina nuna wa direba, bi nan, kauce can, har munka iske rijiyar. Ɗanjuma na nan da guganshi. Da ya ga mota ya saki igiya ya ja baya. Na kalli tafin hannunshi, ya fi ƙafar raƙumi kauri.

"Ɗanjuma, ni ne mai moto. Ga mota na kawo. Shiga mu tafi."

"Dabbobi ba su gama sha ba."

"Su sha su mutu. Shiga."

Mushe ya dafa Rabo ya matsar da shi. Ya gaida Ɗanjuma kamar yadda ake gaida magidanci, ya tambayi gajiya, ya tambayi rana. Sannan ya ce mishi dokar ƙasa ba ta san bawa ba, duk inda yake so shina iya zuwa. Ɗanjuma ya ce shi ba dokar ƙasa ke damunshi ba. Tun shina ƙarami anka gaya mishi lahirarshi na hannun ubangidanshi, in ya gudu ba shi ba rahama. Mushe ya ce ya tambayi malamai da dama, sun ce ɗa ba ya zama bawa don an ce uwarshi baiwa ce. Ɗanjuma ya saurara, idonshi na kan igiya.

Ana haka sai ga ɗan ubangidan Ɗanjuma ya taho daga zango, saurayi mai tsabtar riga. Ya gaida Mushe, ya ƙi kallon Madam.

"Wa ya ɗaure shi? Ga hanya nan. Ɗanjuma, za ka bi su?"

"A'a."

"To kun ji."

Madam ta ɗauki hoton Ɗanjuma gaban saurayin, ta sa Mushe ya gaya mishi za mu biya ta jandarma a Illela, su san yau an ga mutumen nan lafiya lau, kuma za a dawo a duba. Saurayin ya murmusa, amma murmushin bai kai ido ba. Rabo na ta kewaya rijiyar kamar za shi faɗa ciki. Da za mu shiga mota ya koma da gudu, wai ya manta hularshi, ya ce wa Ɗanjuma a kunne duk ranar kasuwar Illela shina gindin gawon da ke bakin kasuwar dabbobi, daga hantsi har a watse.

Madam ta tafi ƙasarsu. Mushe ya ci gaba da zarya tsakanin jandarma da alƙali, sau biyu har anka je anka duba. Rabo kuwa duk ranar kasuwa shina Illela. Fasinjojinshi na Ƙonni sunka koma ga wasu. Ya kewaye gawon nan har ya yi mishi kwari, da an bar shi da itacen ya faɗi. Masu saida awaki sunka ɗauka mahaukaci ne, wata tsohuwa har sadakar goro ta ba shi. Damina ta zo ta wuce, anka yanke gero, Ɗanjuma shiru. Gwaggo Tsahara ta aiko in yi mishi faɗa. Na ce gwaggo, bawan nan ya fi ƙarfin ubangidanshi.

Wata ranar kasuwa na bi shi da jarkata, don in ba a samu mutum ba a samu ciniki. Rana ta karkata, an fara kora dabbobi gida, sai Rabo ya tsaya cak. Can cikin shanu wani na tahowa a hankali, ba kaya, ba sanda, takalminshi a hannu. Ya iso gindin gawon ya tsaya nesa kaɗan, shina waiwayen hanyar da ya biyo.

Rabo ya ce, "Ka taho."

"Na taho. Na cika wa dabbobin komayen ruwa kafin in fito."

"To hau."

Ɗanjuma bai hau ba. Ya kalli moton, ya kalle ni, ya kalli Rabo.

"Yanzu wa zan gaya wa na iso?"

"Ba kowa."

Ɗanjuma ya duƙa ya sa takalmin, ya tambayi Rabo inda ake aje ƙafa bisa moton.