Ƙwan Maƙwaƙwafi a Tukunyar Tantabara

Ranar wata Laraba ce ta watan Maris, shekarar da nake aji biyar a firamare. Na dawo daga niƙa da kwanon gari a kaina, na tarar da wata baƙuwa zaune a ƙofar gidanmu da ke Umarari a Maiduguri, ta kafa madubin hangen nesa a ido tana kallon busasshiyar dalbejiyar da ke jikin katangarmu. Ɗaliba ce a jami'a, Ya Falmata muke ce mata. Abin da ya kawo ta shi ne maƙwaƙwafi, tsuntsun nan mai jan kai da ke ƙwaƙwafar itace da baki, wanda mu yaran unguwa ba mu san amfaninsa ba sai gwada danƙo. Shi da matarsa sun fafe rami a jikin bishiyar, sun yi ƙwai.

Bishiyar ta riga ta karkata kan rufin maƙwabcinmu Ba Modu, har Baba ya yi magana da mai sara. Ya Falmata ta roƙi arzikin mako shida, ƙwan su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su tashi. Baba mutumin Kano ne, ba ya son doguwar magana. Ya dubi sama ya ce, "Hadari da saura. Na ba ki."

Daga nan na daina zuwa langa bayan makaranta. In na gama ɗibar ruwa, na watsa wa tantabaruna gero, sai in zauna kusa da ita. Ita ta nuna mini cewa namijin ma yana kwanci, kuma gashin cikinsa zubewa yake yi don fata ta taɓa ƙwai. Ta ce akwai wani sinadari a jinin tsuntsu, shi ke sa mai yawo ya natsu ya zauna a kan ƙwai. Ta kama namijin da siririyar raga, ta ɗauki ɗigon jini a ƙarƙashin fiffikensa, ta sake shi. Saura ɗigo na biyu, wanda za ta ɗauka lokacin da yake ciyar da 'ya'ya, ta kwatanta. Aikinta na shekarar a kan wannan ya tsaya.

Ba Modu kuwa, da iska ta ɗan kaɗa sai ya fito yana duban rufinsa, yana cewa, "Alhaji, 'ya'yana a ƙarƙashin nan suke kwana." Na ga abin yana damun Baba, ni kuma tun ina yaro ban iya ganin mutum biyu sun cije ban nemo musu tsakiya ba. Duk mai kiwon tantabaru ya san ana ɗauke ƙwan wata a sa wa wata, ta ƙyanƙyashe ta raina. Na sha yi. Ranar da Ya Falmata ta tafi unguwar Dala sunan 'yar yayarta, na hau tsani, na faɗaɗa bakin ramin da wuƙar Inna, na zura cokali. Ƙwai uku ne, farare, ƙanana. Ɗaya ya fashe. Biyun na kai su tukunyar wata farar tantabarata mai kwanci, na ɗauke nata.

Da murna na gaya wa Baba. Ya daɗe yana kallon ramin, sannan ya ce, "Ni na yi alkawari, kai ka karya mini shi." Tunda babu sauran abin jira, washegari mai sara ya zo. Tsuntsayen biyu suka wuni a kan katanga suna kuka.

Ƙwan sun ƙyanƙyashe. 'Ya'yan tsirara, ido a rufe, suka miƙa wuya suka buɗe baki suna jiran a sa musu tsutsa. Tantabara kuwa tana jiran su zura baki cikin nata su sha, yadda 'ya'yanta ke yi. Kowa na jiran ɗan'uwansa. Na gwada ba su jiƙaƙƙen gero da tsinke, ba su haɗiya ba. Kwana biyu suka yi a duniya.

Ya Falmata ba ta yi mini faɗa ba. Ta tsuguna gaban tukunyar, ta ce sinadarin nan shi ne kuma ke sa tantabara ta tara wani abu kamar nono a maƙogwaro, abincin da ɗanta kaɗai ya san hanyarsa. "Sani, ɗumin jikinta ka aro musu," in ji ta, "ba ka aro musu uwa ba." Ta ce za ta nemi wata sheƙa wajen Tsohuwar Maiduguri. Ban san ko ta samu ba, ban sake ganinta ba.

Yau ni dillalin wake ne, ina da iyali da rufin asiri. Ƙofar gidanmu ta zama shaguna, kuma tun shekarun da rikici ya sa shiga daji neman itacen girki ya gagara, busasshen itace ba ya kwana a tsaye a unguwa. 'Ya'yana ba su taɓa jin ƙarar ƙwaƙwafar nan ta hantsi ba, balle su ɗaga kai su nemi mai yin ta. A kasuwa ana yabona da saurin samo mafita. Ni kaɗai na san abin da saurin nan ya taɓa ci.