Naziru da Makunnin da Ya Ƙi Komawa

A kan tukunyar gas muka yi faɗa da Naziru mai gashin nama, ranar da na fito na tarar da ita a gindin rumbuna, ja jawur, an lulluɓa mata tsohon buhu.

"Kai ɗan gidan Tasi'u, wa ya ba ka izinin jingine wannan masifar da gerona?"

"Iya Hure, nan ya fi sanyi. Ba ta son rana."

"Ni ma ba na son rana. Ka taɓa ɗauka ta ka kai inuwa?"

Ya yi ta ba da haƙuri, tukunya kuwa ko gusawa ba ta yi ba.

Naziru ɗan mahauta ne, kakansa ma wuƙa ya riƙe. Yana saurayi ya tafi Kano aiki a wani gidan abinci. A can tukunyar gas ta fashe a shagon da ke jikin nasu, shi ya jawo mai shagon daga ciki, kuma mutumin bai yi rai ba. Ya dawo gida da tabo daga gwiwar hannu zuwa kafaɗa. Da ya so, da bai ƙara kallon gas ba, to amma a ƙasarmu gona ta cinye daji, ko kara sai an kai ruwa rana ake samu. Dole ya sayo magasar gas ta hannu, mai makunni uku, ya kafa rumfa a bakin hanya.

Tsoron gas ɗin ya sa ya haɗa dogon tiyo, ya kai tukunyar taku goma nesa da ƙafarsa. Mai gas ne ke zuwa a babur ya sauya ta ya buɗe. Naziru bai taɓa ɗora mata yatsa ba. Da makunni yake kunnawa, da makunni yake kashewa.

Makunnin tsakiya ya daɗe yana tauri. Man gyaɗa da garin ƙuli suna gangarawa bayansa suna daskarewa, shi kuwa kullum sai ya ce gobe.

Ranar wata Laraba ce da kaka, bayan la'asar. Dammunan gero jibge ko'ina, dangar kara jingine da dangar kara har ƙarshen unguwa. Naziru ya murɗa makunnin har ƙarshe don nama ya yi sauri. Kitse ya ɗiga, wuta ta tashi. Ya kai hannu ya mayar, makunni ya ce bai san zancen ba.

Ya naɗe shi da tsumma ya murɗa. Ya kama da filaya. Gumi ya cika masa ido. Sai ya cusa bakin wuƙa a bayansa ya banƙara, abin ya ce ƙas, ya faɗo masa a tafin hannu. Saura ɗan guntun ƙarfe da ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Wani ya watsa ruwa, kitsen ya yi tsalle, harshen wuta ya fara lasar karan rumfa. Masu jiran nama suka watse, har da mai barin takalmi.

Naziru ya tsaya da makunni a hannu. Warin nan na shagon Kano ya dawo masa hanci. Yana ta salati. Ya san in rumfa ta kama, danga ta kama, unguwa ba za ta ci tuwon bana ba, kuma sunansa za a kira.

Daga gindin rumbu na ƙwala masa kira.

"Naziru! In wutar murhuna ta yi yawa, itacen nake zarewa. Ina itacen wannan?"

Idonsa ya bi tiyo a ƙasa, har ya tsaya a kan tukunyar, ga ni tsohuwa a jikinta.

"Iya, ki gudu! Fashewa za ta yi!"

"In gudu in bar geron shekara? Ban san inda ake murɗa ta ba. Kai ka sani. Taho."

Taku goma ne, amma ya yi su kamar mai ratsa kogi a cike. Har sau biyu yana kuskure kan tukunyar. A na uku ya kama ya rufe. Wuta ta yi ƙasa, sauran ta kitsen aka binne da yashi, aka fizge karan da ya fara hayaƙi. Shi kuwa ya zauna daɓas a ƙasa.

Washegari ya zarga igiya a bayan makunnan biyu da suka rage, ya ja a hankali suka fito. Abin da ya kankare a ƙarƙashinsu baƙi ƙirin, kamar kwalta. Ya jiƙa su a ruwan zafi da sabulu.

Bayan sallah ya samu wurin gashi a garin Gezawa. Ranar tafiya na ga shi da kansa ya rungumo tukunyar, fuska duk gumi, ya ɗora a kura. Ya zo ya durƙusa yana neman gafara.

Na ce, "Na yafe. Duk Juma'a ka cire makunnan nan ka wanke. Ita kuma wannan, ka ajiye ta inda hannunka zai kai, ba a gindin rumbun wata tsohuwar ba."