Kifin da Auta ta ƙi saki

Ni na jawo tafiyar. Shekarar da na ci jarrabawar shiga babbar sakandare, Baba ya tambaye ni abin da nake so, yana zaton yadi zan ce ko takalmi. Na ce ina so in ga gandun namun dajin da ke ƙetaren tafki, wajen Borgu. A littafin makaranta na karanta labarinsa, har na kwafe sunayen dabbobin a bayan littafin rubutuna: gwanki, kanki, ɓauna, gada. Baba ya yi dariya, ya ce an haife mu a Wara muna kallon ƙetaren nan kullum, amma ba wanda ya taɓa tunanin zuwa gaida ɓauna sai ni. Duk da haka ya yarda. Lokacin hanya ba ta fara ba mutane tsoro ba.

Mu biyar muka tafi: Baba, Inna, ni, ƙanena mai shekara bakwai, da autarmu mai shekara huɗu. Bandar kifi ita ce sana'ar Inna, kuma ba ta yarda yaro ya taka ƙofar gida hannu wofi. Tun da safe ta ɓare tarwaɗa busasshiya, ta cusa wa ƙanena a aljihu biyu, ta ƙulle wa Auta wani babban yanki a gefen ɗan hijabinta. Sauran ta zuba a kwano ta ɗaure da ƙyalle.

Jirgin inji bai dami kowa ba, ruwa gidanmu ne. Damuwata ta fara ne a ƙofar gandun, inda za mu shiga motar da za ta zaga da mu. Akwai allo a wurin, an jera dokoki da Turanci, ni kuwa ba na wuce rubutu ban karanta ba. Doka ta huɗu ta ce kada a fita da abinci daga mota, kada a ci komai a gaban dabbobi. Na karanta ta sau biyu. Malamin dajin da zai raka mu, wani dogon mutum mai bindiga a kafaɗa, ya tambayi Baba ko muna ɗauke da abinci. Baba ya nuna kwanon Inna, aka ce a tura shi ƙarƙashin kujera. Baba bai san da na aljihu ba, Inna kuma a wurinta abin da yaro ke riƙe da shi ba abinci ba ne, abin lallashi ne.

Ni kaɗai na san duka biyun, dokar da kifin. Maganar ta zo har bakina. Sai na hango yadda za ta kasance: in buɗe baki a gaban baƙon namiji, in gyara wa Inna, a juye aljihun yara a bainar jama'a, mutumin ya ji ƙaurin banda ya gane ko mu su wa ne. Na ce wa kaina zan faɗa idan mota ta tashi. Da ta tashi na ce sai ta tsaya.

Ban more komai ba a tafiyar nan. An nuna mana gwanki biyu a cikin ciyawa, Baba ya juyo ya ce in duba littafina in gani ko su ne, na ɗaga kai kawai. Idona na kan hannun ƙanena, yana shiga aljihu yana fita. Ƙaurin kifin ya cika mini hanci har na tabbata duk dajin ya ji shi. Inna kuwa maciji take tsoro. Minti kaɗan sai ta ce yara su janye hannu daga taga, maciji na iya faɗowa daga reshe.

Wajen azahar muka tsaya a bakin wani kogi don kallon dorina. Malamin daji ya ce mu fito amma mu tsaya kusa da juna. Kowa ya nufi gaɓa. Na tsaya rufe ƙofar mota, da na juyo sai na ga Auta ba ta bi su ba. Ta tsuguna a gindin wata bishiya, taku goma daga mota, ta kwance ƙullin hijabinta tana gutsurar kifi.

Wani gwaggon biri ya sauko daga bishiyar ba tare da ƙara ba. Ban taɓa sanin suna kai wannan girman ba. A zaune ma ya fi Auta tsawo. Ya zauna a gabanta, ya zuba wa hannunta ido, ya buɗe baki kamar mai hamma, haƙoransa suka bayyana. Wasu biyu suna kan reshe.

Malamin daji ya riga sauran gani. Ya tare Baba da hannu, ya ce kada wanda ya ruga, kada wanda ya yi ihu, a ce wa yarinyar ta jefar da abin da ke hannunta, shi ke nan birin zai tafi.

Bai san abin da ya nema ba. A gidanmu aikin Auta ke nan tun tana koyon tafiya: gadin kifi a kan tabarma saboda shirwa. Abu na farko da ake koya wa yaron bakin ruwa shi ne idan shirwa ta kawo sura, ka danne kifi da ƙirji, ka sunkuyar da kai, kada ka saki. Wanda shirwa ta ƙwace wa kifi, yaran unguwa za su yi mako suna yi masa waƙa. Auta ba a taɓa ƙwace mata ba, kuma tana alfahari da haka. Sai ta yi abin da aka koya mata. Ta rungume kifin, ta duƙa a kansa, ta ce wa birin, “Tahi can.”

Baba ya ce ta yar. Ta girgiza kai. Inna ta yi mata alkawarin tarwaɗa guda sukutum idan mun koma, Auta ta ce ai wannan ma nata ne. Birin ya matso taku ɗaya. Na ga malamin daji ya sauke bindigar daga kafaɗa, amma yarinyar na tsakaninsa da dabbar.

Ni na fi kowa kusa. Ban san yadda ƙafafuna suka ɗauke ni ba, na dai tuna ina kallon ƙasa, ina ƙirga takuna don kada in kalli haƙoran nan. Na tsuguna a gefenta. Auta tana da wata ɗabi'a: duk abin da take tsoron ƙanena ya ƙwace mata, dutse mai santsi ko murfin kwalba, ni take kawo wa in saka a jakar makaranta, kuma ban taɓa ɓatar mata da ko ɗaya ba.

Na ce, “Auta, kawo in aje miki.”

Ta ɗago ta dube ni. “Za ki ba ni, Yaya?”

Na ce zan ba ta. Ta miƙo. Na wurga kifin iya ƙarfina cikin ciyawa, birin ya bi shi, na sure ta muka shige mota.

Sai da kowa ya shigo aka rufe ƙofofi na ce akwai saura. Muryata ta fita ƙasa ƙasa, malamin daji ya ce in maimaita. Na maimaita, na ce aljihunan ƙanena ma cike suke, kuma na karanta dokar tun a ƙofa. Mutumin bai yi faɗa ba, ya karɓi kifin ya zuba a kwano ya mayar da murfi.

Inna ba ta dube shi ba, ni ta duba. “Ke kin karanta tun can, mi ya hana ki hwaɗi?”

Na ce kunya na ji. Ta ce kunyar da za ta ci mata ɗiya ba ta so, ta juya wajen taga. Hannunta na kan wuyan Auta har muka fita daga gandun.

Auta ba ta yi kuka don biri ba, don kifi ta yi. A jirgi ta ƙi zama kusa da ni. Da muka iso gida ta sa na buɗe jakata, ta kwashe duwatsunta da murafen kwalba ɗaya bayan ɗaya, ta kai su ƙarƙashin gadon Inna.