Akwatunan Wasiƙa Goma Sha Tara na Dulcie

"Kin ga akwatin wasiƙarki na bana?"

"Na gani mana. Kamar wanda ya sha duka ya kwana ya kumbura."

"Nawa fa, mai kawo wasiƙa ya ce sai ya runtse ido yake jefa takarda."

"Ke, rage murya. Ga mijinta can yana sayen burodi."

"To shi ba ya gani ne?"

"Yana gani sarai. So yake ya ci gaba da kwana a gidan."

A gidan burodin da ke bakin layinmu aka yi wannan hirar, wadda ake gulmar kuwa Dulcie Kuchel ce, maƙwabciyarmu mai lamba bakwai. Shekara talatin da takwas ta yi tana haɗa fenti a wani shagon kayan gini a nan Mount Gambier. Ka kai mata ɓallen bango, ko tsumman labule, ko ma gashin aku, ta ɗaga shi a hasken taga, ta yi tsaki sau ɗaya, ta ɗiga wannan ta ɗiga wancan, ta gauraya. In ka je gida ka shafa, ba ka gane tsoho da sabo. Ko da aka kawo injin haɗa launi, mutane ba su fasa ba, sai su wuce injin su ce a kira musu Dulcie.

Tafkin nan namu na cikin ramin dutse, wanda muke shan ruwansa, duk lokacin sanyi ruwan toka yake, kamar tsohuwar tukunya. Nuwamba na kamawa sai ya fara juyawa, cikin 'yan kwanaki ya zama shuɗi, irin shuɗin da in ka kalle shi sai ka ji kamar an kira sunanka. Dulcie ta ce babu shekarar da yake maimaita na bara. Saboda haka duk Nuwamba take hawa da sassafe da 'yan kwalayen gwada launi a aljihun riga, ta tsaya a jikin shingen ƙarfe tana gwadawa, har ta kama launin shekarar. Ta sauko ta haɗa gwangwani ɗaya, ta bi layinmu ta fente akwatunan wasiƙa goma sha tara, ba ta tambayi kowa izini ba. Murfin gwangwanin kuma ta rubuta shekara a bayansa, ta rataye a ɗakin ajiyar mijinta Clarrie. Haka muka taso muka tarar, haka 'ya'yanmu suka tarar.

Shekara huɗu da suka wuce ta sauko daga dutsen fuska a murtuke.

"Tafkin nan bai juya da kyau ba bana," in ji ta. "Kamar ruwan wanke-wanke."

Muka hau muka duba. Shuɗi ne garau, har yana hana ido sakat. Muka sauko muka yi shiru. Wa zai ce wa Dulcie ba ta ga launi daidai ba? Matar da ta taɓa mayar da wani mai gida da motarsa saboda ya kira ruwan ƙasa ja?

Shekara ta zagayo ta ce abin ya ƙaru. Ta ɗora laifi a kan masu haƙa rijiyoyi, ta ɗora a kan masu yawon buɗe ido, har ta ce hayaƙin motocin katako ne. Daga nan ta daina ɗaukar kwalaye. Ta ce tunda tafki ya gaza, ita za ta riƙe wa layinmu shuɗin da ta sani, daga ka za ta haɗa. Ta yi ta ƙara launi a gwangwani, ta ƙara, ta ƙara, sai idonta ya ce ya yi. Akwatunanmu suka tashi daga shuɗi suka koma wani abu mai duhu, daga nan suka zama shunayya mai ihu. Mu kuwa muna fitowa muna cewa, "Sannu da aiki, Dulcie, ya yi kyau," muna miƙa mata shayi.

Ana cikin sanyin bana muka wayi gari da allo kafe a ƙofar lamba bakwai: gidan sayarwa ne. Dulcie ta ce ba za ta zauna ta kalli tafkin yana mutuwa ba, za su koma Adelaide wajen 'yarsu Raelene, an ma gyara musu ɗaki. Clarrie, mutumin da tun da aka haife shi bai yi wata guda a wajen garin nan ba, ya koma zama cikin tumatirinsa yana musu magana ƙasa-ƙasa.

Ƙanwarsa Noeline ce ta kasa haƙuri. Ita da Dulcie shekara hamsin suna tsokanar juna, ba a taɓa jin sun gaisa ba tare da baƙar magana ba. Ranar wata Talata ta shiga kicin ɗin ba sallama, ta zube murafun gwangwani a kan tebur, ƙarar har gidanmu.

"Matar yaya, zauna."

"A gidana za ki ce in zauna? Goge ƙafarki tukuna."

"Gidan da kika sa a kasuwa? Wannan murfin na wace shekara ne?"

Dulcie ta juya bayansa. "Shekarar da aka yi bikin Raelene."

"Wane launi ne?"

"Ya koɗe. Da shuɗi ne mai kyau."

"A cikin ɗakin da rana ba ta shiga ya koɗe? To. Kunna murhun nan."

"Shayi kike so ki ce shayi kike so, rowa ta hana ki dafa naki."

"Kunna dai. Wutar wane launi ce?"

Dulcie ta leƙa ƙarƙashin buta. "Fari-fari. Ai gas ɗin yanzu ba kamar na da ba ne."

"Rigar da yayana ya sa fa?"

"Toka-toka."

Clarrie, da ke raɓe a bakin ƙofa da hula a hannu, ya dubi rigarsa, shuɗiya fes, wadda Dulcie da kanta ta saya masa.

"Wato," in ji Noeline, "tafki ya mutu, gas ya lalace, murfi ya koɗe, riga ta tsufa. Duk wani shuɗi na duniya ya haɗa baki ya gudu a shekara ɗaya, ke kaɗai aka bari da gaskiya. Tsohuwa, yana ce a idonki. Irin wadda aka cire min bara waccan."

Buta ta yi ta kuka ba wanda ya sauke ta. Can Dulcie ta juya wajen mijinta.

"Clarrie. Tafkin yana juyawa?"

"Kowace shekara, 'yar gari," ya ce. "Bara ma har ya fi."

"Kuma ka yi shiru."

"Na ga kina da buroshi a hannu ne."

Ba ta yi dariya ba. Kwana uku ba ta kula kowa ba, allon kuma yana nan a kafe. Ta ce za ta je wajen likita ne kawai don ta kunyata Noeline, kuma in aka duba aka ga idonta lafiya lau, Noeline ce za ta ɗaure mata kwalayen ƙaura. Likita ya duba ya ce yanar ido ce, ido biyun duka. Aka sa ranar yin na hagu a ƙarshen Nuwamba, na dama sai bayan sabuwar shekara.

Washegarin aikin, da hantsi, aka cire mata bandeji. Clarrie ne ke tuƙi, Noeline a baya, mu kuma kowa ya sami abin yi a ƙofar gidansa: mai shara, mai ba fure ruwa, mai gyaran shingen da bai lalace ba. Motar ta shigo layi a hankali. Ta wuce akwati na farko, ta wuce na biyu. A na uku muka ji ihu.

"Tsaya! Clarrie, tsaya! Wane mara tsoron Allah ne ya yi wannan?"

Ta fito, ta ɗaga baƙin tabarau, ta dubi layin daga farko har ƙarshe. Akwati goma sha tara, kowanne kamar ƙurji.

"Ni ce?"

Mai shara ya ci gaba da share wuri ɗaya.

"Shekara huɗu! Kuna ba ni shayi! Kuna cewa ya yi kyau! Munafukai, duk cikinku ba mai ƙaunata sai wannan mummunar!" Ta nuna Noeline.

"Na gode, matar yaya. Yanzu da kika ga fuskata sosai, ya kika gani?"

"Kin tsufa ƙwarai."

Nan layi ya fashe da dariya, ita ma ta yi har ta dafa mota, Clarrie yana cewa ta yi a hankali, likita ya hana ta sunkuyawa. Ta koma cikin motar ta ja ƙofa.

"Kai ni sama wajen tafkin."

Muka bi su, mota biyar a jere. A wurin tsayawa ta hana kowa riƙe mata hannu. Ta taka har jikin shingen ƙarfen da ta shekara biyu ba ta taɓa ba, ta cire tabarau.

Ranar babu iska. Ruwan ya kwanta a ƙasan ramin, shuɗi tun daga wannan gaɓa har waccan, gefensa ya ɗan yi haske inda farin dutse yake, tsakiyarsa kuwa ya fi sararin sama nisa. Dulcie ta zuba wa ruwan ido. Sai muka ga ta sa tafin hannu ta rufe idon hagu. Ta sauke, ta rufe na dama. Ta sake. Ta sake.

"Ruwan wanke-wanke," ta ce. "Tafki. Ruwan wanke-wanke. Tafki. Kai! Ashe kana nan, ɗan banza. Ni ina can ina maka makoki."

Hawaye na zuba ta sabon idon, Noeline ta miƙa mata hankici tana cewa kada ta goge da ƙarfi, ta ɓata aikin mutane. Dulcie ta laluba aljihun rigarta. Babu kwali ko ɗaya. Ta dubi ruwan, ta yi tsakin nan nata guda ɗaya da muka shekara huɗu ba mu ji irinsa ba.

"Akwai ɗan kore a cikinsa bana, kaɗan, can ƙasa. Sai na gwada a kan farin abu mai faɗi kafin rana ta juya." Ta waiwaya. "Clarrie, tsohona, sauka gida ka tumɓuko min allon nan na ƙofar gida. Bayansa fari ne. Ka haɗo da gwangwanayena da buroshi, ka yi sauri don Allah."